Maganaɗisun Ba-Wuya a Bakin Rijiya

A wani gidan haya mai ɗakuna tara da rijiya ɗaya a tsakar gida akwai wani mutum da kowa ke kira Ba-Wuya. Shi ya jawo wa kansa sunan. Ko gyaran agogo aka ambata a gabansa, ko tiyatar ido, ko tuƙin jirgin sama, kafin mai magana ya rufe baki za ka ji ya ce, "Ai ba wuya." Shekara goma sha ɗaya ya yi yana masinja a wata makarantar sakandare, kuma da yake bencinsa na jikin tagar ɗakin gwaje-gwaje, rabin kowane darasin kimiyya kan shigar masa kunne kafin a aike shi. Ɗaya rabin shi ya cike abinsa da kansa. Fankoki uku ya gyara a gidan nan. Biyu sun mutu murus, ta ukun tana juyawa, sai dai rufi take yi wa fifita.

Abu guda ne a duniya Ba-Wuya ba ya son a tona, kuma a hannun matarsa abin yake. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, yana sabon ango, baki ya riga ya yi alkawarin zinare, aljihu kuwa bai san an yi ba. Sai ya je bakin tasha wurin wani mai tebur ya sayi awarwaro guda. Mutumin bai ɓoye masa komai ba, ya ce ruwan zinare ne aka shafa a kai, abin da ke ciki kuwa shi ma bai sani ba. Ba-Wuya ya naɗe awarwaro a auduga, ya kawo wa amarya, ya ce zinare ne tsantsa. Tun daga ranar matar tasa, wadda ake kira Maman Biyu, ba ta rabu da shi ba. Da shi take wanki, da shi take ɗinki, da shi ta haifi tagwayenta, kuma da shi take toshe bakin yayarta, wadda ba ta taɓa yarda cewa Ba-Wuya zai iya sayen ko ƙurar zinare ba.

To, wata safiyar Asabar Maman Biyu na jan ruwa da hannu duk sabulu, sai awarwaro ya sulale. 'Yar ƙara ɗaya aka ji daga can ƙasa, shi ke nan. Ta zauna a bakin rijiya ta riƙe wuyan hannunta, hawaye na zuba, ta ce a taimaka a kira mata mai yasar rijiya.

Ba-Wuya ya fito daga ɗaki da buroshi a baki. Da ya ji abin da ya faru, sai wani daɗi ya taso masa tun daga ciki, ba don asarar ba, don dai ranar da ya daɗe yana jira ce ta zo. Ya ce wani ƙato ba zai shiga ruwan shansu da ƙafafunsa ba alhali akwai masani a gidan. Ya ce zai haɗa maganaɗisu na lantarki, irin wanda ake ɗaga matattun motoci da shi, ya zura shi a rijiya, ya fito da awarwaro kafin rana ta take tsaka. Ya faɗa wa matarsa sau ɗaya, ya faɗa wa tsakar gida sau uku, sannan ya leƙa waje ya faɗa wa mutanen layi.

A ɗakin ƙarshe akwai wata matashiyar malama da ke koyar da kimiyya a sakandare. Tana zaune a ƙofarta tana duba littattafan ɗalibai, ta ɗago kai cikin ladabi.

"Baban Biyu, maganaɗisu fa ba ya kama zinare."

"Zinare ƙarfe ne ko itace?"

"Cikin ƙarafa ake lissafa shi, amma..."

"To magana ta ƙare, 'yata. Koma kan makinki."

Ta ce baƙin ƙarfe yake kamawa da wasu 'yan uwansa kaɗan, ba ruwansa da tagulla ko alminiyom ko zinare, kuma wannan 'yan aji ɗaya ma sun sani. Ya ce lokacin da shi ya fara jin kimiyya ba a ma yaye ta ba. Ya ce maganaɗisun makaranta ƙanana ne, shi ya sa suke zaɓen abinci, nasa kuwa babba zai yi, duk abin da aka ba shi zai ci.

Mai hankali a nan zai tsaya ya haɗa maganar Malama da maganar mai tebur. Amma Ba-Wuya in ana gardama, kansa ba ya ɗaukar komai sai amsar da zai bayar. Maman Biyu ce ta daina kuka nan take. Ta dubi Malama, ta dubi mijinta, ta ce a hankali ya zo ɗaki tana da magana. Ya ce magana ta jira, kimiyya ba ta jira.

Ya shiga ya jawo akwatin tarkacensa daga ƙarƙashin gado. Ya fito da dunƙulen wayar tagulla mai rigar roba, da wani sandan ƙarfe mai kaurin hannun yaro, wanda aka cire daga ƙafar wata tsohuwar mota. Malama ta ce wannan ƙarfen ya yi tauri, mai taushi ake so, irin na ƙusa. Ya ce taushi na katifa ne. Saura batir. A ɗakin da ke bakin ƙofa akwai direban tasi, mutum mai sanyin hali wanda bai iya cewa a'a ba. Ba-Wuya ya dafa kafaɗarsa, ya ce aron rabin awa kawai, kuma in an zo ba da tarihi za a sa sunansa. Direba ya je ya kwance batirin motarsa, ya rungumo shi kamar jariri.

Daga nan Ba-Wuya ya zauna da reza ya shiga fere wa wayar rigarta, tun daga kai har wutsiya, awa biyu cur. Malama ta kasa haƙuri, ta ce ya bar mata rigar, domin ita ke tilasta wa wuta ta bi zagaye ɗaya bayan ɗaya, in ya cire kuwa wutar za ta yanke hanya. Ya ce wuta ba za ta shiga ƙarfe da riga ba, ko mutum ma sai ya tuɓe yake wanka. Ya naɗa tsirarar waya a jikin sanda, ya ce kowa ya matso ya gani da idonsa, ya ɗora bakin wayar a kan batir.

Tartsatsi ya tashi har saman kansa. Waya ta yi jazur, hayaƙi ya turnuƙe, robar wankin da ya ɗora sandan a kai ta narke ta lanƙwashe. Waɗanda suka matso suka watse, wata mata ta bar takalminta ɗaya a wurin. Direba ya yi tsalle ya fizge wayar da tsumma, ya kwanta a kan batirinsa yana shafa shi. Da hayaƙi ya lafa, sai ga Ba-Wuya a tsaye, girarsa ta hagu babu rabi, buroshin safe har yanzu a aljihun gaba.

"Gwajin ƙarfin batir ne na yi," in ji shi. "Direba, batirinka ya ci jarrabawa."

Waya ta ƙone, amma Ba-Wuya ba ya rasa mafita. Ya tuna da fankoki biyun nan da ya kashe, ya je ya karɓo gawarwakinsu a wurin masu su, ya farke, ya zaro siririyar wayar da ke ciki. Wannan karon bai kankare ta ba, ya ce shi da kansa ya sake nazari. Ya naɗa zagaye ɗari uku yana ƙirgawa da ƙarfi don a ji, har wuyan hannunsa ya sage. Ana cikin haka mutanen layi da suka ga hayaƙi suka taru a ƙofar gida suna tambaya, shi kuwa ba zai iya jin ana tambaya wani ya amsa ba. Ya miƙa wa Direba sanda, ya ce ya ɗora ɗari uku a kan nasa, ya fita ya yi wa jama'a lacca a kan yadda wuta ke shiga ƙarfe ta mayar da shi maye.

Abin da Ba-Wuya ya manta shi ne Direba bahago ne. Bawan Allah ya juya sanda yadda ya fi masa daɗi, ya lanƙwasa waya, ya naɗa ɗari ukunsa tsaf, amma ta ɗaya hannun.

Ba-Wuya ya dawo da 'yan kallo sun kai ashirin. Ya jona waya, ba tartsatsi, ya yi murmushi. Ya kawo ƙusa kusa da sanda ya saki, ƙusa ta faɗi ƙasa. Ya ce ƙusar jabu ce. Aka kawo allurar ɗinkin Maman Biyu, ita ma ta faɗi. Ya ce allura ta cika sulɓi. Aka kawo almakashi, ya faɗo masa a babban yatsa. Ya ɗaga ƙafa yana tsalle, yana cewa mutane ne suka yi yawa, makullan da ke aljihunsu ke shanye ƙarfin. Ya sa kowa ya zuba makullinsa a bokiti aka kai bayan gida, aka sake gwadawa, sanda ko gezau. Rabin awa aka ɓata daga baya ana rigimar wane makulli ne na wa.

Malama ta ajiye jan bironta ta zo ta duba. Ta bi waya da yatsa, ta kai tsakiya, ta rufe baki da hannu don kada dariya ta fito. Ta ce rabin naɗin ya bi dama, rabi ya bi hagu, sun zama kamar ƙarfafa biyu masu ƙarfi ɗaya suna jan igiya, ba mai motsi. Ba-Wuya ya gyaɗa kai a hankali, ya ce da ma ya bari ne ya ga ko za ta gano, kuma ta yi ƙoƙari, makarantarsu ba ta yi asarar albashi ba. Direba ya zauna ya warware ɗari ukunsa, ya sake naɗawa da hannun da bai saba ba, harshe a waje. Kafin ya gama rana ta yi sanyi, aka ɗage aiki sai gobe, tasi kuwa ta wuni a rumfa ba ta ga titi ba.

Da yammar nan Maman Biyu ta sake tare mijinta a bakin ƙofa. Ta ce don Allah ya bar abin nan haka, ta riga ta aika wa mai yasa, zai zo jibi ya shiga ya ɗauko ba tare da kowa ya sani ba. Ba-Wuya ya ji ciwon maganar. Ya ce duk wani mai ƙirƙira a duniya daga cikin gidansa ake fara raina shi. Kuma don ya nuna mata bai ɗauki abin da wasa ba, sai ya ciro wayar salula a gabanta ya kira yayarta, ya ce gobe da safe ta zo ta ga abin da mijin ƙanwarta ya iya. Maman Biyu ta zauna a kan kujerar keken ɗinkinta, ta dafe kai da hannu biyu.

Washegari tun da hantsi tsakar gida ta cika. An shigo da bencina daga layi, wasu sun hau katanga, mai sayar da ruwan sanyi ya kafa tebur a ƙofa. Yaya ta iso da zobba uku a hannu da sarƙa a wuya, duk na gaske, aka ba ta kujera mai hannu a gaba. Ta dubi Ba-Wuya, ta tambaye shi ina ya kai rabin girarsa. Ya ce kimiyya ta karɓi kasonta.

Aka jona waya, kuma abin mamaki, abu ya yi. Ƙusa ta yi tsalle ta manne. Almakashi ya manne. Farantin ƙarfe ya manne da ƙara, jama'a suka ɗauki tafi. Ba-Wuya ya ji kamar ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. Ya ɗaga sanda sama da hannu biyu, ya shiga zagaya rijiya yana nuna wa kowane ɓangare, yana cewa a duba da kyau, ba sihiri ba ne, ilimi ne. A zagaye na biyu ya wuce ta jikin murfin rijiya, wani faffaɗan ƙarfe da aka ɗaure da sarƙa a jikin ginin. Sanda ya fizge daga hannunsa ya manne da murfi, ya haɗa da gefen rigarsa a tsakani.

Ya ja, abu ya ƙi. Ya kira Direba, suka ja tare, ya ƙi. Ya kira ƙarfafa uku daga benci, suka kama ƙugun juna, shi a gaba yana ba da umarni, yana kuma juyowa yana gaya wa jama'a su shaida irin ƙarfin da ya haɗa. Suka ja har jijiyoyin wuya suka fito. Malama ta ga rigar mutum za ta yage, sai ta taka a hankali ta je ta ɗage waya ɗaya daga kan batir. Nan take sanda ya saki. Mutum biyar suka tafi da baya a jere, Direba ya faɗa kan benci, benci ya kifar da mutum huɗu, Ba-Wuya kuwa ya zauna daram cikin bahon wankin maƙwabciya, ruwan kumfa har ƙirji. Daga cikin bahon ya ɗaga yatsa ya ce shi ya yi wa Malama alama da ido.

Yaya ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi. Da ta huta, sai ta ce ta ji ana cewa Malama ta yi wata magana jiya a kan zinare, tana so ta gani da idonta. Ta zare zobe ɗaya ta miƙa. Aka mayar da waya, Ba-Wuya ya ɗora zobe a bakin sanda ya saki, zobe ya faɗi ya gangara. Ya sake ɗorawa, ya danna, ya saki, ya sake faɗuwa. Ya ce wataƙila zoben ne ba na gaske ba.

Yaya ta karɓi zobenta ta hure shi, ta mayar a yatsa, ta gyara zama.

"To na ji, ƙanina. Nawa dai bai kama ba. Malama, in na ƙanwata ya fito manne a jikin abin nan fa, me ke nan?"

Malama ta sunkuyar da kai, ta ce ita dai abin da littafi ya ce ta faɗa.

A daidai nan maganar jiya ta iso kan Ba-Wuya, bayan ta kwana a hanya. Ya ga fuskar mai tebur kamar yanzu, ya ji muryarsa yana cewa abin da ke ciki shi ma bai sani ba. Ruwan kumfar da ke jikinsa ya yi masa sanyi har ƙashi. Ya dubi matarsa, tana tsaye a ƙofar ɗaki ta harɗe hannu, idonta a ƙasa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda tartsatsin jiya bai ba shi ba.

Ya yi gyaran murya ya ce rana ta yi zafi, kuma zafi na rage ƙarfin maganaɗisu, a bari sai wani makon. Jama'a suka ce ba su yarda ba. Ya ce batir ya gaji. Direba, wanda ya ji an taɓa mutuncin batirinsa, ya ce ai jiya aka ce ya ci jarrabawa. Ya ce igiya ba za ta kai ba, sai ga igiyoyi uku an miƙo daga kan katanga. Shi ya tara mutanen nan da bakinsa, kuma ba wanda ya bar aikinsa ya zo don ya ji uzuri.

Yana ɗaura igiya yana lallashin kansa. Awarwaron nan shekara ashirin da biyu bai taɓa dusashewa ba, na jabu kuwa ko shekara ba ya yi. Wa ya sani, wataƙila mai tebur ne ya ruɗe ya ba shi na gaske, wataƙila shi ne ma ya cuci mai tebur. In haka ne sanda zai fito ba awarwaro, layi ya yi masa dariya wata guda, a wuce wurin. Dariyar layi kuwa ya saba da ita. Abin da ba zai iya ɗauka ba shi ne Maman Biyu ta dube shi ta san ya yi mata ƙarya tun ranar farko. Tun da aka haife shi bai taɓa roƙon Allah aikinsa ya lalace ba sai ranar.

Aka zura sanda da dogayen wayoyi biyu, aka ji ya taɓa ƙasa, aka ja. Ya fito da tsohon guga, da kwaɗon ƙofa, da wuƙa, da cokula biyu. Matar ɗaki na huɗu ta yi kururuwa ta ce gugan nan nata ne, wanda ta shekara uku tana zargin matar ɗaki na shida da sacewa. Matar ɗaki na shida ta miƙe ta ɗaura ɗankwali a ƙugu, ta ce yau sai an wanke ta a gaban jama'a. Ba-Wuya ya ji sanyi a ransa, ya ce to alhamdulillahi, an ga amfanin kimiyya, an sasanta maƙwabta, taro ya tashi. Yaya ta ce taro bai tashi ba. Ta nuna gefen da ƙanwarta ta tsaya jiya, ta ce a zura ta nan.

Aka sake zurawa. Wannan karon igiya ta yi nauyi, Direba da ƙarfafan nan suka kama suna ja. Ba-Wuya ya leƙa. Can ƙasa ya hango kaya na tahowa, tsohuwar fitila, da guntun sarƙa, da murfin tukunya, da wani gugan kuma. A tsakaninsu wani abu ya yi walƙiya, rawaya, zagayayye. Ya gane awarwaron ne. Sai ya tuna abin da Malama ta yi ɗazu. Ya ja da baya kamar mai gyara tsayuwa, ya miƙa ƙafa ta baya, ya shure waya daga kan batir.

Kaya suka zube cikin ruwa da wata irin ƙara, ruwa ya fantso har baki. Jama'a suka yi ihun takaici. Ba-Wuya ya ɗaga hannu sama ya ce ƙaddara ce, waya ta zame, kuma shi mutum ne mai karɓar ƙaddara. Bai taɓa jin daɗin faɗuwa irin na wannan lokacin ba. Direba ya ci gaba da jan igiya don ya fito da sanda, abu ya yi sakayau, ya taho da sauri.

Sanda ya fito fes, ba fitila, ba sarƙa, ba guga. A bakinsa kuwa awarwaro ne shi kaɗai, yana lilo, yana ɗigar da ruwa, rana na dukansa.

Wani daga kan katanga ya fara tafi, ya ga ba wanda ya taya shi, ya bari. Malama ta ce a hankali, kamar mai ba da haƙuri, ƙarfe mai tauri ko an yanke masa wuta yakan riƙe ɗan ƙarfi, ba zai ɗauki guga ba amma zai riƙe abu marar nauyi, shi ya sa ta ce a nemi mai taushi. Ba-Wuya ya buɗe baki ya ce, "Kun gani ko, nawa har zinare yake..."

Yaya ta gyara sarƙarta, ta ja numfashi za ta yi maganar da ta shekara ashirin da biyu tana tanadi. Maman Biyu ta riga ta. Ta tako ta tsakiyar mutane, ta ɓamɓare awarwaro daga jikin sanda, ta goge shi da gefen zaninta. Inda ya gogu da ƙarfe ruwan zinaren ya kankare, baƙin ƙarfe ya leƙo kamar girman farce.

"Yaya, ba sai kin faɗa ba, na riga ki sani." Ta juyo wurin mijinta. "Wata bakwai da aurenmu ya fara baƙi. Na kai wa maƙerin zinare, ya duba ya gaya mini ko mene ne. Tun daga nan duk shekara biyu nake kai masa ya sabunta ruwan, ranar da nake ce maka na tafi sayen zare. Shekara ashirin da biyu ina rufa maka asiri, Baban Biyu. Kai kuma kwana biyu kacal ka yi, ka tara layi guda, ka aro batir, ka kira Yaya a waya, ka tona shi da hannunka."

Ba-Wuya ya tsaya da jiƙaƙƙiyar riga da rabin gira. Da ƙyar ya tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa ba.

"Ranar da ka kawo shi hannunka rawa yake yi. Na ga ka fi ni son ya zama zinare."

Kunya ta rufe shi, da wani abu da ya fi kunya nauyi, har idonsa ya cika. Yaya ta dubi zobbanta uku, ta juya ɗaya a yatsa, ta haɗiye maganarta. Matar ɗaki na huɗu da ta ɗaki na shida ma suka bar rigimarsu, guga a tsakaninsu. Maman Biyu ta kama hannun mijinta ta buɗe, ta ɗora masa awarwaro a tafi, ta ce wannan karon shi zai kai wa maƙeri da ƙafarsa, ta gaji da ƙaryar zare.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon baƙin tabon, yana shafa shi da yatsa, jama'a na kallonsa cikin tausayi. Can sai ya ɗago kai a hankali, ya karkata wajen Malama, ya tambaye ta cikin ƙaramar murya ko gaskiya ne shi ma ruwan zinaren nan da lantarki ake shafa shi. Malama, da yake malama ce, ta ce e kafin ta yi tunani. Idon Ba-Wuya ya sauka a kan batir.

Direba bai tsaya kwance ɗaya wayar ba. Ya sunkuci batirinsa ya ɗora a ka, ya tsallake benci biyu, ya fita da gudu waya na binsa a ƙasa. Tsakar gida ta fashe da dariya, na kan katanga har da mai faɗowa. Maman Biyu ta miƙa hannu ta karɓe awarwaronta, ta zura shi a inda ya saba zama, ta juyo da baƙin tabon ta waje inda kowa zai gani.

"Bar shi," in ji ta. "A haka ma ya yi mini."